Gyaran Ɗinkin Wani: Abin da Kamfanonin Manhaja Ke Nema

A watan Satumban 2019, kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 don horar da matasan Afirka rubuta manhaja, ya sanar da sallamar ƙananan ma'aikatansa kusan 400 a Najeriya da Uganda da Kenya. Dalilinsa shi ne kasuwa ta fi neman waɗanda suka goge. Labarin nan ya daɗe yana damuna, domin yaranmu da ke tururuwa zuwa cibiyoyin koyon kwamfuta a Kano da Kaduna wannan kasuwar suke hari.

Yaro ya kammala kwas na wata shida, sai ya jera sunayen yarurrukan rubuta manhaja a takardar neman aiki: Python, Java, JavaScript, PHP. Mai ɗaukar aiki kuwa ba yawansu ya dame shi ba. Yare ɗaya da mutum ya sani ciki da waje ya fi masa biyar da aka ɗanɗana aka ajiye.

Abin da ya fi nema, duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san shi. Yanka sabon yadi daban, gyaran rigar da wani ya ɗinka daban. Sai ka juya ta, ka bi zaren, ka gane inda hannun ya karkace, ka warware wurin kaɗai ba tare da ka ɓata wuyan ba. Haka aikin manhaja yake. Da wuya a ba sabon ma'aikaci farar takarda. Tsohon aiki za a miƙa masa, layi dubbai, wanda ya rubuta ya daɗe da barin kamfanin, a ce masa kuɗin wasu masu saye ba ya shiga, ya nemo inda matsalar take. Sai ya karanta, ya gwada, ya gyara, sannan ya rubuta gwajin da zai kama kuskuren in ya sake dawowa.

Shi ya sa ake tambayar Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, wadda ke ba mutum goma damar aiki a kan abu ɗaya ba tare da wani ya taka aikin wani ba. Ana kuma tambayar SQL, yaren da ake sarrafa rumbun bayanai da shi, domin bankuna da asibitoci da yawa a rumbun bayanai suke ajiye lissafinsu.

Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, na'ura kan zubo rubutun manhaja cikin daƙiƙu. A ganina wannan ya ƙara wa mai iya karanta rubutun manhaja daraja ne, don dole wani ya duba ya ce nan daidai, nan akwai rami.

A wurin ganawar ɗaukar aiki, sau da yawa za a buɗe shafin mutum na GitHub, inda masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, a nuna wani layi, a ce: “Me ya sa ka yi shi haka?” Wanda ya kwafo aikin, nan take bakinsa ke mutuwa.