Jirgin sama mai cin hasken rana don kawo rezo ƙauye

Darasinmu na yau a kan rezo ne, da wata dabarar kai shi ƙauye.

Kun sani akwai garuruwa a Sae Sabuwa da kewaye inda sai mutum ya hau tudu kafin wayarsa ta kama. In naƙuda ta tashi da dare, ko manomi yana son jin kuɗin wake a kasuwar Maraɗi, wannan ba ƙaramar wahala ba ce. Dalili shi ne, magana tana bi ta dogon ƙarfen nan da ake kafawa. Ƙarfen yana da tsada, yana shan lantarki ko gazwal, kuma ƙarfinsa ba ya kai nesa.

Shi ya sa masana suka ce: a kai na'urar rezo can sama. Sun tsara wani jirgi mai kama da ƙatuwar salka. Ana cika shi da wata iska marar nauyi, sunanta heliyom. Sai ya tashi har kilomita 20, sama da gajimare, sama da hanyar jiragen fasinja. A nan iska ba ta cika bugawa ba. Daga can, jirgi guda yana hangen ƙasa tun daga Gidan Rumji har Gazawa.

Me yake ci? Hasken rana. Ana shimfiɗa pano a bayansa. Pano yana juya farfela don jirgin ya tsaya wuri guda, yana ba na'urar rezo wuta, yana cika batir.

To, ina wuyar? Wuyar tana ga dare. Da rana ta faɗi, sai batir. Batir kuwa nauyi gare shi. Iskar can sama ba ta da kauri: ta ƙasa ta fi ta wajen sau 14, don haka ba ta ɗaukar kaya da yawa. In an ƙara batir, dole a ƙara girman salkar. In salkar ta girma, iska ta fi tura ta. In iska ta tura ta, sai a nemi ƙarin batir. Mai jaki ya san wannan lissafi: in harawar tafiya ta cika bayan jaki, ina za a aza hatsi?

A nan ƙasarmu tana da sa'a. Darenmu ba ya wuce awa 13, ko da sanyi, ba kamar Turai ba. Aiki da rana kuma ba baƙo ba ne a Nijar. Tun 1965 aka kafa ofishin ONERSOL a Yamai, wanda Farfesa Abdu Mumuni ya shugabanta daga 1969.

An gwada abin? An gwada. A 2020, balan-balan na kamfanin Loon sun ba mutanen Kenya intanet daga sama. A 2021 aka rufe aikin saboda tsada. A 2024, jirgin kamfanin Sceye ya yini ya kwana a sama da wutar rana, a Amurka. Amma kwana guda ba wata shida ba ne. Rezon da za a dogara da shi sai wanda ba ya yankewa.

Saboda haka, kafin jirgi ya zo, ƙarfen ƙasa ne namu. Ku zauna ku rubuta sunayen garuruwan da ba su da rezo, ku miƙa wa magajin gari. Allah ya kai mu mako mai zuwa.