Shuuu da Gurnani: Yadda Ake Tace Sautin Bidiyo

A watan Janairun 1969, mawaƙan nan huɗu na Beatles sun shafe kusan wata guda suna atisaye a gaban kyamara, da farko a ɗakin shirya fim na Twickenham da ke kudu maso yammacin Landan, daga baya a ofishinsu na titin Savile Row. Duk lokacin da suke son yin maganar da ba sa so a ji, sai su ƙure ƙarar jita ta danne muryoyinsu a tef. Dabarar ta ci har shekara 50 da ɗoriya. A 2021 mai shirya fim Peter Jackson ya fito da shirin Get Back, bayan injiniyoyinsa sun horar da wata manhaja mai suna MAL ta iya zare muryar mutum daga cikin kiɗa. Hirar da aka binne da gangan ta fito tar.

Mai ɗaukar bidiyon biki ko wa'azi ba shi da kuɗin Jackson, amma ciwonsu ɗaya ne: hoto ya yi kyau, sauti ya yi datti.

Dattin nan iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin aikin. Akwai mai tsayawa wuri ɗaya: shuuu ɗin da makirufo mai araha ke fitarwa, hucin fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, da gurnanin wutar lantarki. Akwai kuma mai zuwa ya wuce, irin jirgin da ke sauka a filin jirgin Heathrow na Landan, jiniyar motar asibiti, ko kukan jariri a bayan zaure. Na farkon yana da sauƙin magani. Na biyun ne ke hana masu tace sauti barci.

A Landan aka fara karya lagon na farkon. A 1965 wani injiniya Ba'amurke, Ray Dolby, ya buɗe kamfaninsa a birnin, kuma kamfanin faifai na Decca ne ya fara sayen na'urarsa. Hikimarsa mai sauƙi ce: a ɗaga sautuka masu rauni kafin su shiga tef, idan an zo saurare a sauke su daidai gwargwadon yadda aka ɗaga su, sai shuuu ɗin tef ɗin ya sauka tare da su. A 1971 aka yi amfani da ita wajen haɗa sautin fim ɗin A Clockwork Orange. Sai dai tilas a sa ta tun lokacin ɗauka. Abin da ya riga ya lalace ba ruwanta da shi. Wannan giɓin ne ya sa ma'ajiyar sauti ta ƙasa, wadda ke ƙarƙashin babban ɗakin karatu na Birtaniya, ta haɗa kai da Jami'ar Kambrij don ceto tsofaffin faya-fayanta da kwamfuta. Daga binciken ne aka kafa kamfanin CEDAR a 1988.

Yau irin wannan aikin yana cikin manhajar Audacity, wadda kyauta ake sauke ta. Mai tacewa zai nemi wurin da mai magana ya ɗan yi shiru, ko da na daƙiƙa biyu ne, inda ba abin da ke tashi sai shuuu. Ya zaɓi wurin, ya nuna wa manhajar cewa ga ɓarawon. Ita kuma sai ta yayyanka sautin gida-gida, daga mai kauri zuwa mai siriri, ta auna ƙarfin dattin a kowane gida. Da an sake ta a kan sautin gaba ɗaya, duk inda ƙarfi bai wuce na dattin ba sai ta rage shi, inda murya ta rinjaya ta ƙyale.

A nan ne zaƙewa ke ɓata aiki. Rage desibel 6 zuwa 12 yakan wadatar. Wanda ya ja ma'aunin har ƙarshe don ya ji tsit, zai tarar muryar ta koma kamar ta mai magana a cikin tulu, da wani ƙyal-ƙyal a bayanta wanda ya fi shuuu ɗin asali damun kunne. Kunnen mutum yakan manta da ɗan shuuu bayan minti guda, amma ba ya yafe wa muryar da aka gurɓata.

Gurnanin lantarki maganinsa daban. A Birtaniya da Najeriya wuta na kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60, don haka sai a yanke daidai 50 da ninkinsa, 100 da 150, a bar sauran. Wani abin mamaki, gurnanin da edita ke zubarwa shi 'yan sandan Landan ke tarawa. Tun 2005 suka fara naɗarsa ba dare ba rana, domin yana ɗan hawa da sauka gwargwadon yadda ake jan wuta, kuma da shi ake gane ranar da aka ɗauki wata murya, ko an yanke wani abu a cikinta.

Hayaniya mai zuwa ta wuce kuwa sai manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira, irin waɗanda ke cikin DaVinci Resolve da iZotope RX da Adobe. Su ba dattin suke koyo ba, muryar ɗan Adam suka sani, sai su riƙe ta su saki sauran. Da MAL ɗin nan aka zare muryar Lennon na Beatles daga wani tsohon kaset mai gurnani, aka fitar da waƙar Now and Then a Nuwamban 2023, bayan an gwada a 1995 abin ya gagara. Amma wasu manhajojin sake gina muryar suke yi, ba wankewa kawai ba, don haka mai tace hirar Hausa ya sa abin ji a kunne ya bi ƙ da ts da ɗ ɗaya bayan ɗaya, kada na'ura ta ɗauke su tsatsa ta goge.

Ƙwararru tun a wurin ɗauka suke rage wa kansu wahala. Sukan ce kowa ya yi shiru na rabin minti a naɗi numfashin ɗakin, don a samu samfurin da za a ba manhaja. Sukan kashe fanka, su nisanta wayar makirufo daga wayar wuta. Mai ɗaukar walima a wani zaure a unguwar Peckham ta Landan, idan ya rage tazarar makirufo da bakin mai jawabi da rabi, muryar za ta ƙaru da kusan desibel 6 a kan hayaniyar ɗakin, wato gwargwadon abin da zai je yana nema a kwamfuta daga baya.