Zikiri da Numfashi: Amfanin Jan Carbi a Natse

Duk ranar Juma'a bayan la'asar, a zawiyoyin Tijjaniyya na kudancin Jigawa, daga Sundimina ta ƙasar Birnin Kudu har Gwaram, 'yan'uwa kan zauna suna hailala har faɗuwar rana. Safe da yamma kuma ɗan ɗarika yana da lazimi: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Ƙadirawa, waɗanda Shehu Nasiru Kabara ya jagoranta a Kano har rasuwarsa a 1996, suna da zikirin anfasu, inda ambaton Allah ke bin shiga da fitar numfashi. Malaman ɗarikun nan sun daɗe da gane cewa harshe da numfashi da zuciya tafiyarsu ɗaya ce, kuma gaggawa ce ke raba su.

Ilimin likitanci ya ƙarfafa wannan fahimta. Baligi a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. A 2001, likitan Italiya Luciano Bernardi da abokan aikinsa sun auna mutane suna maimaita addu'ar carbin Kiristoci da kalmomin masu yoga, sai suka ga numfashinsu ya sauko zuwa kusan sau shida a minti, tsarin da ke daidaita bugun zuciya da hawan jini kuma ya ƙara inganci. Dalilin a fili yake: mai furta doguwar kalma a tsanake dole ya tsawaita fitar da numfashi, kuma a lokacin fitarwar ne bugun zuciya ke lafawa. Mai hailala a natse yana samun wannan. Wanda ke fizgar carbi don ya cika adadi ya koma gona ko kasuwa ya yi asara biyu, ta halartar zuciya da ta hutun jiki.

Wani zai ce zikirin taro bidi'a ne, kamar yadda Izala ke faɗa tun kafuwarta a Jos a 1978. Saɓanin yana kan siffa ne, domin babu mai musun tasbihi da tahmidi da takbiri sau 33 bayan kowace salla, kuma natsuwar da ake magana a kanta tana samuwa a nan ma. Wani kuma zai ji tsoron a mai da ibada motsa jiki. Niyya ce ke tsare wannan: mai azumi don Allah yake yi, ko da jikinsa ya amfana, ladansa bai ragu ba.

Sai dai kada a ɗora wa zikiri abin da ba nasa ba. Mai hawan jini ko matsananciyar damuwa ya je asibiti a Birnin Kudu, ya sha magani yadda likita ya ce, ya kuma riƙe wuridinsa. Malamai da muƙaddamai, ku koya wa almajiranku zama daidai da furta kowace kalma a tsanake, kamar yadda kuke koya musu adadi.