Ko Ka Sani? Ɗigo Uku a Kan Tayil da Injin da Ke Tace Rukunin Jini

Duk wanda aka taɓa ce wa "a nemo jini" a asibiti ya san wannan tsayuwar. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai soke ka a ɗan yatsa, ya ɗiga jinin wuri uku a kan farin tayil, ya jawo ƙananan kwalabe uku. Ruwan ta farko shuɗi ne, na biyu ruwan ɗorawa, na uku fari kamar ruwan sha. Sai ya ɗiga wa kowane ɗigo nasa, ya dama da tsinke, ya riƙa karkata tayil ɗin a hankali. Kafin minti biyu wani ɗigon ya tsinke ya yi gudaji-gudaji, kamar madarar da aka matsa wa lemun tsami, wani kuma yana nan sumul. Idan shuɗin ne ya tsinka jinin, rukuninka A ne. Idan ruwan ɗorawar ne, B. Idan duka biyun ne, AB. Idan babu ko ɗaya, kai O ne.

Abin da ke haddasa wannan tsinkewar ɗan sukari ne. Kowace jar ƙwayar jini tana da wasu 'yan sarƙoƙin sukari a bayanta, kuma kusan kowa yana da tushen sarƙar, wanda masana ke kira H. Jikin mai rukunin A yana ɗora wa tushen wani nau'in sukari a kai, jikin mai B ya ɗora wani dabam, mai AB ya ɗora duka biyun, mai O kuwa ya bar tushen haka nan. Bambancin ke nan gaba ɗaya, amma garkuwar jiki ba ta wasa da shi. A cikin ruwan jinin mai A akwai dakarun da ke kai wa B hari, mai B yana da masu kai wa A, mai O yana da duka biyun. Shi ya sa idan aka yi kuskure aka ɗaura wa mai O ledar jinin A, ƙwayoyin baƙin jinin za su fara fashewa tun ledar ba ta yi nisa ba: sanyi da kakkarwa, ciwon baya, fitsari ya yi baƙi, ƙoda ta tsaya. Ana iya rasa rai.

An daɗe ana rasa rayukan kafin a gane dalili. A 1667 wani likita a Faransa, Jean-Baptiste Denys, ya ƙara wa wani yaro jinin ɗan tunkiya, yaron ya rayu, wataƙila don jinin kaɗan ne. Wani mutumin da ya ƙara wa jinin maraƙi daga baya ya mutu, aka je kotu, hukuma ta hana aikin. Ko da aka koma ƙarin jinin mutum ga mutum, sai ya zama kamar caca: wani ya tashi, wani ya tafi. Sai a 1901 Karl Landsteiner, a birnin Viyana na Ostiriya, ya ɗebi jininsa da na abokan aikinsa, ya raba ƙwayoyin da ruwan, ya riƙa haɗa na wannan da na wancan yana rubuta wanda ya dunƙule. Ya fitar da rukuni uku. Shekara ɗaya bayan haka Alfred von Decastello da Adriano Sturli suka gano na huɗu, wato AB. An ba Landsteiner kyautar Nobel a 1930, kuma ranar haihuwarsa, 14 ga Yuni, ita ce yau ranar masu ba da jini ta duniya. Kwalba ta uku ma da hannunsa a ciki: shi da Alexander Wiener suka sanar a 1940 da abin da suka samu bayan sun yi wa zomaye allurar jinin wani biri da ake kira resus. Daga sunan birin aka samo Rh, wanda ke sa a ce maka fozitif ko negetif.

Inda na fi son mai karatu ya natsu shi ne maganar gado, domin nan ake samun zargi mara tushe. Ƙwayar gadon da ke shirya wannan sukari tana kan kuromosom na 9, kuma kowa biyu yake ɗauke da su, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A da B suna danne O, amma ba sa danne juna. Saboda haka mai rukunin A yana iya kasancewa A biyu ya gada, yana kuma iya kasancewa A da O ne, O ɗin na ɓoye. Felix Bernstein, wani masanin lissafi a Jamus, shi ya warware wannan a 1924. Ɗauki uba mai A da ɓoyayyen O, da uwa mai B da ɓoyayyen O. Waɗannan za su iya haifar ɗa mai A, ƙanensa B, ƙanwarsu AB, autansu O, duk ciki ɗaya, uba ɗaya. Na taɓa ganin magidanci ya riƙe takardar gwajin ɗansa fuskarsa ta sauya, don an rubuta O alhali shi A ne, matarsa B. Ba a ɗauki minti biyar ana zana masa a bayan takardar ba ya sauke ajiyar zuciya. Da bai tambaya ba, Allah kaɗai ya san abin da zai tafi da shi gida.

A 1990 Fumiichiro Yamamoto da abokan aikinsa a Amurka suka karanta rubutun ƙwayar gadon kanta. Sinadarin da ke ɗora sukarin A da mai ɗora na B kusan abu ɗaya ne, a wuri huɗu kawai suka saɓa cikin tubala sama da 350. O ɗin da aka fi samu kuwa harafi ɗaya ne ya faɗi daga rubutun, sai karatun ya rikice daga nan har ƙarshe, sinadarin ya fito ba ya aiki. Wannan rashin aiki ya zama rufin asiri a ƙasashen sauro. Binciken da aka yi kan yara a Mali ya nuna masu O ba su cika faɗawa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani kamar sauran ba, domin ƙwayoyin jininsu ba sa saurin manne wa juna idan cutar ta shige su. A Najeriya O ya fi kowane rukuni yawa, kusan rabin jama'a.

Kada a haɗa wannan da jinotaif ɗin da ake nema kafin aure. AA da AS da SS maganar sikila ce, ta abin da ke cikin jar ƙwayar, kuma gadonta yana kan kuromosom na 11. Mutum yana iya zama rukunin A kuma SS, ko O kuma AA. Harafin ne kawai ya yi kama.

Ɗakin gwajin da ya san aikinsa ba ya tsayawa a kan tayil idan maganar ƙarin jini ce. Sau biyu yake tambayar jinin. Da farko a gwada ƙwayoyin mutum da ruwan kwalabe, sannan a juya: a ɗauki ruwan jininsa a haɗa da ƙwayoyin A da na B da aka riga aka sani. Amsoshin biyu dole su yi daidai, in ba haka ba a dakata a bincika. Jariri sabon haihuwa ba a yi masa na biyun, don nasa dakarun ba sa samuwa sai ya yi 'yan watanni.

A nan injin ke shigowa. A shekarun 1980 Yves Lapierre, a birnin Liyon na Faransa, ya ƙirƙiro wani katin roba da bai wuce girman katin banki ba, mai 'yan siraran bututu a jere, yawanci shida, kowanne cike da wani kauri mai kama da kamu, haɗe da ruwan gwaji. A ɗiga ƙwayoyin jini a bakin kowane bututu, a jera katunan a cikin injin da ke wulwulawa da gudu, a rufe, a ba shi kamar minti goma. Ƙarfin juyin yana tura ƙwayoyin ƙasa, kaurin kuma yana aikin rariya. Ƙwayoyin da ba su dunƙule ba suna sulalewa su taru a gindi kamar jan ɗigo. Waɗanda suka dunƙule sun yi girma, sai su maƙale a sama su ja jan layi. Idon da ya gaji da aikin dare yana iya shakkar tayil, amma layi a sama da ɗigo a ƙasa ba su da wuyar rarrabewa, kuma sakamakon yana zama a katin har wani ya zo ya sake dubawa. Manyan injuna na yanzu suna ɗiba da kansu, su juya, su ɗauki hoto, su karanta. Duk da haka, kafin a ɗaura leda sai an haɗa ruwan jinin mara lafiya da ƙwayoyin wannan ledar takamaimai an gani. Kuskuren da ya fi kisa ma ba daga injin yake zuwa ba, daga hannu ne: suna a kan kwalbar da ba tasa ba, ko leda a gadon da ba nata ba.

Wannan haɗawa ta ƙarshe ita ke kama abin da kwalabe uku ba sa gani. A 1952 Dakta Y. M. Bhende a Bombay, Mumbai ta yanzu, ya ci karo da mutanen da tayil ya ce O ne, amma ruwan jininsu yana tsinka jinin O ma. Ashe tushen nan na H ne babu a jikinsu, don haka ko sun gaji A ko B, sukarin ba shi da inda zai zauna. Irin wannan mutum yana iya haifar ɗa mai A alhali takardarsa O ta ce. A Mumbai ana samun kamar mutum 1 cikin 10,000, a yawancin ƙasashe ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Ana tabbatar da shi da ruwan da ake tatsa daga tsabar wata ƙaya mai furen ruwan ɗorawa da ke tsiro a Turai, wanda ke dunƙule duk jinin da ke da H ya bar nasu sumul. Jinin irinsa kaɗai jikinsa ke karɓa, don haka idan buƙata ta taso, 'yan uwansa na ciki ɗaya ake fara kira a gwada.