GARGAƊI: Kada Ku Sayo wa Majinyacinku Barci a Kemis

Jama'a, a yi hattara! Wannan kira ne ga duk gidan da ake jinyar mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma ko mai ciwon zuciya, wanda kuma barci ya ƙaurace wa idonsa. Don girman Allah a daina aika yaro kemis ya karɓo ƙwayar barci. Tausayi ne ke sa mu, amma garin neman gira muna rasa ido.

A gidanmu aka yi, ba labari aka ba ni ba. Gwaggona ta shafe wata huɗu ba ta runtsawa, sai ɗan gyangyaɗi. Ƙarfe biyun dare in ka leƙa ɗakinta, sai ka tarar da ita zaune a kan gado, ta jera filo uku a bayanta, carbi a hannu. In na ce, "Gwaggo, ki ɗan miƙe mana," sai ta ce, "Ɗan nan, da na kwanta sai in ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji." Wasu suka ce dannau ne, wasu suka ce tsufa ne. Muka sayo mata diazepam, wadda a kemis ake kira D5 ko Valium. A dare na huɗu ta tashi za ta zagaya, jiri ya kwashe ta a dokin ƙofa, ƙashin ƙugunta ya karye. Sai a asibiti aka gano zuciyarta ce ta yi rauni, ruwa na taruwa a huhunta duk lokacin da ta kwanta. Ashe zaman nan da take yi, numfashi take nema.

Ruwa ba ya tsami banza. Idan mutum ya kasa barci dare 3 ko fiye a mako, har tsawon wata 3, likitoci na ɗaukar hakan a matsayin ciwo mai bukatar bincike. Ga mai wata cutar kuwa, sau da yawa cutar ce ke magana da dare. Mai suga, in sugan ya hau, fitsari ne zai hana shi sakat. In sugan ya faɗi, sai ya farka da gumi da karkarwa. Mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa ya dawo da shaƙewa, shi ma cuta ce gare shi, kuma tana daga cikin abin da ke hana hawan jini sauka. Dattijon da fitsari ke yi wa gardama, wataƙila kumburin mafitsara ne. Wanda ke farkawa tun kafin kiran assalatu, ya daina cin abinci, ya daina hira, a dubi ciwon damuwa. Wani lokaci ma maganin asibitin ne: Lasix mai sa fitsari in aka sha da yamma, ko prednisolone, ko Ventolin in aka yawaita.

Ƙwayar barci ba ta gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan. Diazepam takan yi kwanaki a jikin tsoho kafin ta fita, ta bar shi da jiri, mantuwa da ruɗewa. Haka 'yan uwanta, Lexotan da Rohypnol. Ga mai ciwon huhu ko mai irin wannan minshari, tana ƙara danne numfashi. In aka haɗa ta da tramadol ko kodin, mutum na iya kwantawa bai tashi ba. Tun watan Mayun 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma har yau akwai masu ba majinyaci don ya samu barci. Ko Piriton da muke rainawa tana ruɗa tsofaffi, tana kuma iya toshe wa dattijo fitsari.

Ga abin da ya kamata kowane gida ya yi, tun daga yau:

Na ɗaya, ku tattara duk abin da majinyacin ke sha, na asibiti, na kemis, da jiƙe-jiƙen gargajiya, ku zuba a leda ɗaya ku kai wa likitansa. Kada ku ɓoye komai don jin kunya.

Na biyu, wanda ke kwana da shi ya rubuta abin da yake gani na mako 2: yaushe ya kwanta, sau nawa ya tashi, me ya tashe shi, filo nawa yake sawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan takarda za ta rage wa likita lalube.

Na uku, a janye goro, shayi mai kauri da Nescafé daga azahar. Sinadarin da ke cikinsu mai hana barci, bayan kamar awa 5 ma rabinsa na nan a jiki. Ƙailula kada ta wuce rabin awa, kuma kada ta kai la'asar. Majinyacin ya fito ya sha hantsi, ya ɗan taka in yana iyawa, ya riƙa tashi lokaci ɗaya kullum.

Na huɗu, a bar fitila a hanyar banɗaki, a kawar da tabarma da buta daga inda zai taka, ko a ajiye masa fo kusa da gado.

Na biyar, in ya riga ya saba da ƙwayar, kada ku ƙwace masa ita dare ɗaya. Yankewa farat ɗaya na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Likita ne zai rage masa a hankali. Haka maganin hawan jini ko na suga: ba a dakatar da shi a gida, sai dai a nemi likita ya sauya lokacin sha.

Kada a jira gari ya waye in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan: ya kasa numfashi in ya kwanta, ƙafafu sun kumbura, ƙirji na ciwo, baki ya karkace ko magana ta sarƙe, ana tashinsa ba ya farkawa sosai bayan ya sha magani, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

Rashin barcin kansa yana da magani ba na haɗiya ba. Akwai horon gyara tsarin kwanciya da tunanin dare, wanda likitoci ke fara bayarwa kafin ƙwaya. Ku tambaya a sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, ko a asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, da na Maiduguri. Zuwa can ba hauka ba ne, kada surutun mutane ya hana ku.

Ku kuma masu jinya, ku riƙa karɓa-karɓa. Kada a bar wa mace ɗaya kwanan zaune har ita ma ta kwanta ciwo.

Da aka yi wa Gwaggo maganin zuciyarta, filo ɗaya ya ishe ta, barci ya dawo da kansa. Amma har yau da sanda take zuwa alwala, kuma duk ƙwanƙwasar sandar nan a tsakar gida tana tuna mini ƙwayar da na miƙa mata da hannuna. Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.