Jar akuyar Maraɗi da darasin masu zanen Maroko

A kasuwannin Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa, fatar jar akuya ba baƙuwa ba ce. Majema su jeme ta da bagaruwa, a rina ta da karan dafi, dukawa su ɗinka jaka da kube da kayan doki. Abin da matasa da dama ba su sani ba shi ne, wannan fata ta daɗe da yin suna a Turai, sai dai da sunan wata ƙasa.

Shekaru aru-aru ayarin raƙuma na kwasar jemammiyar fata daga ƙasar Hausa, ya ratsa Agadas zuwa biranen Arewacin Afirka. Daga can take shiga Turai, inda masu yi wa littattafai bango suka laƙaba mata suna "fatar Maroko". Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Marokon kuwa, wani mai zane ya kai sana'ar fata inda ba a zata ba. Farid Belkahia, haifaffen Marrakesh a 1934, ya yi karatu a Faris da Prag, sannan ya shugabanci makarantar koyon zane ta Kasablanka daga 1962 zuwa 1974. A 1969 shi da abokan aikinsa, irin su Mohamed Melehi da Mohamed Chabâa, suka baje zanensu a dandalin Jemaa el-Fna na Marrakesh, domin talaka ya gani ba sai ya shiga zauren masu kuɗi ba.

Belkahia ya ajiye fentin Turawa da ƙyallensu. Ya fara da tagulla, daga baya ya koma ga fatar tumaki, yana ɗame ta a kan katako yana zana ta da lalle da sauran rini na gargajiya. Ya rasu a 2014, kuma a 2021 cibiyar Pompidou ta Faris ta shirya baje kolin ayyukansa.

Mazauna ƙetare ma sun bi wannan sawu. Hassan Hajjaj, wanda aka haifa a garin Larache a 1961, ya koma Landan tun yana yaro. Yana ɗaukar hoton mutane a gaban tabarmar roba, ya kewaye hoton da gwangwanayen tumatir ko na lemo, kayan da kowane mai tebur a Maraɗi ke sayarwa. A 2020 hotonsa na mawaƙiya Billie Eilish ya hau bangon mujallar Vogue.

Ba su tsaya ga zane kaɗai ba, sun gina kasuwarsa. 'Yar Maroko Touria El Glaoui ta kafa bikin baje kolin 1-54 a Landan a 2013, ta kawo shi Marrakesh a 2018, inda masu saye daga ƙasashe daban-daban ke haɗuwa da masu zanen Afirka.

A Maraɗi akwai cibiyar kiwon jar akuya, akwai majema da dukawa da masu ƙunshi. Amma har yanzu fata mai yawa na tsallaka iyaka zuwa masana'antun jima na Kano, daga can ta wuce Italiya da Sifaniya, ta zama takalmi da jaka masu ɗauke da tambarin wasu. Kayan aikin da Belkahia ya yi suna da su suna nan a gida. Abin da ya rage shi ne matasan da za su zauna da dukawa su koya, da wurin baje koli, da sa hannun mai aiki a kan aikinsa.