Kiɗan Da Ba Mawaƙi: Mun Saurari Faya-fayan Fos-rok Huɗu, Ga Hukuncinmu

Masu karatu, musamman abokanmu masu rumfunan sifika da iyafis da memori a kasuwannin kan iyaka, yau za mu ɗan ajiye maganar farashin kaya da layin motoci a bakin boda, mu leƙa wani kiɗan Turawa wanda da wuya wani ya taɓa tambayarku shi. Sunansa fos-rok.

Karonmu na farko da shi bai yi daɗi ba. A rumfar wani abokinmu ne, da rana tsaka, ga ƙarar janareta ga ta ƴan kabu-kabu. Muka sa wani kiɗa mai suna Like Herod, na ƙungiyar Mogwai ta birnin Gilasgo a Sikotlan, wanda ya fito a 1997. Shiru. Mai rumfa ya ce abin ya lalace ne wajen turawa, ya murɗa sifika har ƙarshe. Can sai jita da ganguna suka fashe lokaci guda, har wata mai fura da ke wucewa ta kusa sakin ƙwaryarta. Mai rumfa ya kashe, ya ce: "Malam, don Allah ka tafi da kayanka, kada ka ƙona mini sifika." Ashe shirun nan da muka ɗauka lalacewa ne, rabin kiɗan ke nan.

To mene ne fos-rok? Ma'anar sunan ita ce abin da ya biyo bayan kiɗan rok. Wani marubucin Ingila, Simon Reynolds, shi ya yayata sunan a 1994 lokacin da yake sharhi a kan faifan Hex na ƙungiyar Bark Psychosis. Kayan kiɗan dai na rok ne, wato jita da ganguna, amma ba baiti, ba amshi, sau da yawa ma ba mawaƙi. Kiɗa guda yana iya kai minti goma ko ashirin. Da yawa daga masu yin sa ba sa son sunan, amma ya riga ya manne musu kamar laƙabin ƙuruciya.

A nan ne kunnen Bahaushe ke shan wuya. Mu a wurinmu magana ce sarauniyar waƙa. Idan ana jin Shata ko Ɗan Maraya, abin da ya faɗa ake bi, kuma ko kalangun ma magana yake yi. Su kuwa waɗannan ba wanda suke wasawa, ba wanda suke yi wa zambo. To da me za a auna su?

Ga ma'aunin da muka tsaya a kai bayan mun daɗe muna saurare. Yawancinsu hanya ɗaya suke bi: a fara a hankali, a riƙa maimaita ɗan sauti guda, ana ƙara masa kaya kaɗan-kaɗan, har ya tumbatsa ya fashe. Fashewar nan ba wuya, duk mai jita uku da babbar sifika zai iya. Tun shekarun 2000 ƙungiyoyi barkatai suka kwaikwayi wannan tsari har ya zama kamar atamfar jabu, zane iri ɗaya, sai an wanke a ga mai zuba. Wankin fos-rok shi ne wurin da kiɗan ya yi ƙasa. Idan a nan akwai sautin da zai zauna maka a kai, wanda za ka iske kana gunguninsa washegari kana buɗe rumfa, to kayan na gaske ne. Idan kuwa jira kawai kake a zo wurin ƙara, an sayar maka da kwali.

Da wannan ma'auni muka zauna da faya-fayai huɗu da suka fito tsakanin 2023 da 2025.

Wanda ya fi kama mu shi ne na Godspeed You! Black Emperor, ƴan birnin Mantiriyal a Kanada, wanda ya fito a watan Oktoba na 2024. Faifan ba shi da suna irin na al'ada. Abin da aka rubuta a kansa shi ne cewa ba suna, sai ranar 13 ga Fabrairu 2024 da adadin matattu 28,340, wato yawan Falasɗinawan da ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ce an kashe zuwa wannan rana. Kiɗa shida ne, kusan minti 54. Mun shiga da fargaba, domin abu ne mai sauƙi a jingina kiɗa maras ƙarfi a jikin babban bala'i don kada kowa ya iya kushe shi. Amma ba haka muka iske ba. Mutanen nan suna da yawa, masu jita uku, masu ganguna biyu, ga mai goge irin na Turawa, kuma gogen nan shi ne ke riƙe da wuraren da kiɗan ya lafa. A na uku, wanda sunansa ke nufin ɗigon ruwan sama da aka zuba da dalma, akwai wurin da komai ke ja da baya, wata mace ta yi magana da harshen Sifaniyanci, sannan a sake hawa. Ba ma jin Sifaniyanci, amma ba mu bukaci tafinta ba. Abin da ya ba mu mamaki shi ne faifan bai tsaya ga makoki ba. Akwai wuraren da sautin ke buɗewa kamar gari ya waye, kuma na ƙarshe sunansa ma yana maganar koren tsiro a cikin tarkacen gini. Laifinsa ɗaya: wanda ya san faifansu na shekarar 2000 mai kiɗa huɗu, kowanne kusan minti ashirin, zai riƙa gane inda za su karya kwana tun kafin su kai. Duk da haka mun ba shi na ɗaya.

Mutanen nan dama ba su da sauƙin kai. A 2013 da aka ba su kyautar Polaris ta Kanada, ba su je bikin ba, suka ce kuɗin za su tafi wajen samar wa fursunonin lardin Kebek kayan kiɗa. A 2025 kuma suka janye kiɗansu daga Spotify, don haka mai nema sai ya bi ta Bandcamp.

Sai Mogwai, masu firgita mai fura. Masu son ƙwallo wataƙila sun taɓa jin su ba su sani ba, domin su suka yi kiɗan fim ɗin Zidane na 2006, wanda aka ɗauka da kyamara 17 suna bin sa shi kaɗai a wasan Real Madrid da Villarreal. A 2021 faifansu As the Love Continues ya hau na ɗaya a Birtaniya, bayan shekara 25 suna abu ɗaya. Sabon, The Bad Fire, ya fito a Janairun 2025, shi ne na goma sha ɗaya, kuma sunan yadda talakawan Gilasgo ke kiran wutar jahannama ne. Sun yi shi a lokacin da ƴar ɗaya daga cikinsu ke fama da ciwo mai tsanani. Kiɗa goma ne, gajeru in an gwada da na ƴan Kanada, wasu har da murya da aka bi da ita ta na'ura. Shi ya fi sauƙin shiga kunne, kuma shi za mu ba sabon shiga. Sai dai a gaskiya mun ji biyu ko uku a ciki sun yi kama da kayan da suka taɓa kawowa, an dai canza leda. Inda suka yi ƙasa da murya suka bar jita ta yi tafiyarta a hankali, a nan ne muka ji nauyin abin da suke ɗauke da shi.

Na Sigur Rós, ƴan ƙasar Aislan, shi ya raba kanmu. Sunansa Átta, wato takwas da harshensu, ya fito a Yunin 2023 bayan shekara goma ba su fitar da sabo ba. Su suna da mawaƙi, Jónsi, mai siririyar murya kamar ta yaro, wanda ke goga jitarsa da bakan goge, kuma sau da yawa da wani harshen da ya ƙirƙira yake rerawa, wanda ba ya nufin komai. A wannan faifai kusan ba ganga, sai tarin masu goge na wata ƙungiyar makaɗa ta Landan. Wato sun cire fashewar gaba ɗaya, sun bar wurin lafawa kaɗai. Bisa ma'auninmu ya kamata a ce ya ci jarrabawa, kuma rabinsa na farko ya ci. Amma daga tsakiya sai ya zama kamar kunun da aka cika wa sukari. Ɗaya daga cikinmu barci ya kwashe shi, ya farka ya ce wannan ma ai yabo ne. Ba mu yarda ba.

Explosions in the Sky na jihar Tekzas a Amurka, su ne aka fi kwaikwaya tun faifansu na 2003. End, na Satumbar 2023, kiɗa bakwai ne masu tsabta, ba abin kushewa. Mun ji shi sau uku, ba wanda ya biyo mu gida.

Wanda zai gwada, kada ya yi kuskurenmu. Ƙaramar sifikar waya ba ta iya fitar da sautin ƙasa, hayaniyar kasuwa kuma tana cinye sauran. A bari sai an rufe rumfa, bayan isha'i, a sa iyafis mai kyau, a saita murya a tsakiya, kuma kada a taɓa ta ko da an ji shiru. Abokinmu mai rumfa dai yanzu ya ajiye Like Herod a memorinsa. Ya ce da shi yake gwada sababbin sifiku kafin ya biya dila: wadda ta fitar da farkonsa a fili, kuma ba ta yi kukan gwangwani ba da aka zo fashewa, ita yake ɗauka.